Gidan zamani tsakanin zafin bazara da ruwan damina a arewacin Kamaru

Sababbin unguwannin da ke tasowa a gefen Garwa da Marwa da Kusiri kusan zubin gidajensu ɗaya ne: bangon bulon siminti mai rami a ciki, rufin kwano da silin a ƙarƙashinsa, manyan tagogin gilashi, katanga da ƙofar ƙarfe, tsakar gida kuma an malale ta da siminti ko an shimfiɗa mata tayil. Wannan shi ne fasalin da ake ginawa a Duwala da Yawunde, inda damuwar mai gida ita ce damshi da ruwan sama na watanni masu yawa. A nan kuwa zafin Maris da Afrilu yakan haura digiri 40, iska ta bushe ƙamas, sannan damina ta zo da ruwa mai ƙarfi ta zubar da shi cikin 'yan watanni. Abin da ke biyo baya shi ne mutum ya kashe miliyoyin sefa ya gina ɗakin da ba ya iya kwana a cikinsa da bazara sai da na'urar sanyaya ɗaki, a yankin da wutarsa ta dogara ƙwarai ga madatsar Lagdo, wadda ruwanta ke ja baya a daidai lokacin da zafi ya fi tsananta.

Shi ya sa masu zanen gine-gine a ƙasashen Sahel suka dawo kan tambayar da maginan gargajiya suka riga suka amsa da kayan aikin zamaninsu: yaya za a gina gidan zama da ya dace da rana da iska da ruwan wurin da aka kafa shi, wanda kuma bai zama bare ba a tsakanin tsofaffin gine-ginen da ya tarar? Wasu na jin wannan magana sai su ce ana so a mayar da su gidan ƙasa, wasu kuma su ɗauke ta ado, su ɗora zanko a kusurwar gidan siminti su zana dagi a saman ƙofa. Alhali mafi yawan abin da ake nufi shawarwari ne da ake yankewa tun kafin a haƙa harsashi. Ginin gargajiya ya iya da zafi, amma ruwa na cinsa. Siminti ya iya da ruwa, amma ya miƙa wuya ga zafi. Aikin mai zanen gida a yau shi ne ya san inda kowannensu ya fi amfani a jikin gini ɗaya, ya ajiye shi a wurin.

Rana ce farkon abin dubawa. Garwa tana wajen digiri 9 arewa da tsakiyar duniya, Marwa tana tsakanin 10 da 11, Injamena tana wajen 12, don haka rana na bi ta tsakiyar kanmu sau biyu a shekara, a watan Afrilu da kuma watan Agusta, kuma a sauran watanni ma ba ta yin nisa da tsaka. Ma'anar wannan ita ce rufi ne ke ɗaukar mafi yawan zafin da ke sauka a kan gida. Kwano siriri ne, yana ɗaukar zafi nan take ya sake shi ƙasa, kuma idan an toshe tsakaninsa da silin babu mafitar iska, zafin da ya taru a wannan sarari ba shi da inda zai tafi sai cikin ɗaki. Maganin da ya fi shahara a yanzu shi ne rufi biyu: na ƙasa mai nauyi, na tubali ko na ƙasa, wanda shi ne ainihin rufin ɗakin, sai na kwano a ɗage a sama kan ƙarafa, da sarari a tsakani inda iska ke ratsawa ta kwashe zafin. Da wannan dabara Francis Kéré, ɗan Burkina Faso, ya gina makarantar ƙauyensu Gando a 2001, ginin da ya samu lambar yabo ta gine-gine ta Aga Khan a 2004, shi kuma ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi lambar Pritzker, babbar lambar yabo ta masu zanen gine-gine, a 2022. Kwanon sama yana yin aiki biyu, domin yana yi wa rufin ƙasa inuwa da rani, yana kuma kare shi daga ruwa da damina, kuma idan an bar bakinsa ya fito sosai ya zarce bango, shi ma bangon ya samu kariya.

Bayan rufi sai bangon gabas da na yamma, waɗanda rana ke duka kai tsaye da hantsi da la'asar, lokacin da take ƙasa-ƙasa kuma bakin rufi ba ya iya tare ta. Bangon kudu da na arewa sun fi sauƙin karewa, domin rana na tsaye sama idan ta fuskance su. Saboda haka gida mai tsawo ya fi kyau ya miƙe daga gabas zuwa yamma, manyan tagogi su kalli kudu da arewa, ɓangaren yamma kuma a ba shi ɗakin ajiya ko makewayi ko matakala, ko a dasa masa itace. Wannan shawara ba ta cin ko sisi, amma ita aka fi yin watsi da ita, domin an saba a juya fuskar gida wajen titi ko da titin yana yamma. Mutumin Marwa ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani kan amfanin itace, tunda darbejiyar da ke jere a titunan garin ita ce ta sa ake iya tafiya a ƙasa da tsakar rana. Abin mamaki shi ne mutumin da ke yabon wannan inuwa a titi shi ne zai sare itacen da ya tarar a filinsa don a samu wurin ajiye mota.

Batun kaurin bango yana buƙatar a tsaya a kansa, domin a nan masu yabon ginin ƙasa sukan wuce gona da iri. Bango mai kauri na ƙasa ba ya hana zafi shiga, jinkirta shi yake yi. Zafin da ya sauka a bayansa da azahar yana ɗaukar sa'o'i masu yawa kafin ya ratsa zuwa ciki, shi ya sa soro ke da sanyi da rana, ya kuma yi ɗumi da daren hunturu. Amma a watan Afrilu, lokacin da daren ma ba ya yin sanyin kirki, bangon yakan fara sakin abin da ya tara da rana a daidai lokacin kwanciya. Mutanen da sun san haka, kuma amsarsu ita ce tsakar gida: da rana a shige soro, da dare a fito da tabarma waje, ko a kwana a rumfa. Ke nan ɗaki mai kaurin bango rabin tsarin ne kawai, ɗaya rabin shi ne fili marar rufi a cikin gida inda iyali za su kwana cikin sutura. Gidan zamani da ya cinye filinsa duka da ɗakuna, ko ya malale ɗan abin da ya rage da simintin da ke riƙe zafi har tsakar dare, ya rasa wannan rabin ko da da ƙasa aka gina shi. Masu zane na yanzu sukan ƙara ƙananan ƙofofin iska a can saman bango, waɗanda ake buɗewa da dare iska mai zafi ta fita, a rufe su da hunturu lokacin da iskar arewa maso gabas ke kawo ƙura.

Ruwa kuwa shi ne ya kori mutane daga ginin ƙasa, kuma duk wanda ke son a koma gare shi dole ya fara amsa wannan. Hadari a yankinmu daga gabas yake tasowa, iska ta kora ruwan ya doki bango a karkace, shi ya sa bangon gabas ke riga sauran zaizayewa. Sai gindin bango, inda ruwan da ke zubowa daga indararo ko bakin kwano ke faɗuwa ya fantsama. Wanda ya duba tsohuwar katangar ƙasa bayan damina zai ga samanta lafiya lau, amma daga ƙasa zuwa wajen gwiwar mutum ta rame ta shige ciki, wani lokaci har da farin gishiri-gishiri a jikinta, kuma daga nan ne katanga ke faɗuwa. A wannan wuri siminti da dutse ba su da madadi: harsashi na dutse ko kankare, a ɗaga shi sama da ƙasa sosai, a shimfiɗa abin da zai hana damshi hawa, sannan a fara ɗora tubali. A nan ne kuma ake yawan samun saɓani a wurin aiki. Magini zai ce, "Alhaji, a ƙara layi biyu na dutse kafin mu hau," mai gida ya ce, "Malam, wannan kuɗin na tayil ne." Tayil ɗin ake gani ranar tarewa, shi ya sa yakan yi nasara.

Akwai kuskure ɗaya da ya yaɗu ƙwarai, wato yi wa bangon ƙasa yaɓen siminti kai tsaye da nufin kare shi. Ƙasa da siminti ba sa kumbura ko tsukewa daidai da juna, don haka ba a daɗe yaɓen ke tsagewa, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ruwa ya bi tsagar ya shiga, siminti ya hana shi bushewa, ƙasar ta jiƙe a ɓoye, wata rana yaɓen ya ɓamɓare falle guda. Makuba da maginan Hausa ke haɗawa daga ɓawon ɗorawa, da sauran yaɓen da ke barin bango ya fitar da damshi, sun fi dacewa da ƙasa, sai dai suna buƙatar sabuntawa.

Ƙasar da ke ƙarƙashin gida ita ma tana da nata hali. A filayen Diyamare da kwarin Logon akwai baƙar laka da ake kira karal, wadda ake noman dawar rani ta muskuwari a kanta. Tana kumbura da damina, ta tsuke ta dare da rani, kuma wannan motsi yana tsaga gidan bulo kamar yadda yake tsaga na ƙasa, idan ba a haƙa harsashi ya yi zurfi an ɗaure shi da rodi ba. Ambaliya kuma wani babi ne daban. A 2012 ruwa ya yi ɓarna a jihohin Arewa da Arewa Mai Nisa na Kamaru, a 2022 kogunan Shari da Logon suka cika suka shiga Kusiri da unguwannin Injamena irin su Waliya, a 2024 kuma abin ya fi muni, inda Yagwa da kewayenta suka sha ruwa, a Chadi kuma mutane fiye da 500 suka rasu. Dubban gidajen ƙasa sun narke a waɗannan shekaru, kuma babu wata dabarar zane da za ta sa bangon ƙasa ya tsaya kwanaki a cikin ruwa. A ganina gaskiyar da ya kamata a faɗa ita ce akwai filayen da bai kamata a yi ginin ƙasa a kansu ba, akwai ma waɗanda bai kamata a yanka su a sayar don gidan zama ba. Tsofaffin garuruwan ƙabilar Kotoko irin su Gulfe da Logon Birni a kan tudu aka kafa su a tsakiyar filin da ruwa ke malalewa, kuma wannan zaɓi na wuri shi ne ya fi komai tsare su.

Arewacin Kamaru na da gadon gini da ba kowane yanki ke da irinsa ba, kuma darasinsa ya wuce kyan gani. Ɗakunan ƙabilar Musgum na wajen Pus da Maga, waɗanda ake kira tolek, ana gina su da laka zalla ba itace ba ƙarfe, su yi tsini sama har wajen mita 9, bangon na da kauri a ƙasa yana sirancewa yayin da yake hawa, da ƙofar iska a can ƙololuwa inda zafi da hayaƙi ke fita. Tudun-tudun da aka jera a jikinsu suna rarraba ruwan sama kada ya haƙa hanya ɗaya, su ne kuma matakalar da ake takawa a hau a yi gyara, wato maginin ya sa hanyar gyaran ginin a cikin zanensa tun farko. A duwatsun Mandara kuwa dutse ake jerawa ba tare da abin ɗauri ba, gidaje su bi gangaren dutse hawa-hawa tare da gonaki, kuma a 2025 hukumar UNESCO ta sa wuraren tarihi na Diy-Gid-Biy na wannan yanki cikin jerin kayan tarihin duniya. Ba wanda ke cewa ma'aikacin gwamnati a Marwa ya koma tolek, ɗakin da ba shi da taga kuma gado da kabad ba sa zama a cikinsa yadda ya kamata. Abin ɗauka shi ne tsayin ɗaki, mafitar iska a sama, da tunanin wanda zai gyara ginin bayan shekara goma.

Kayan aikin da ya fi kusantar haɗa amfanin ƙasa da ƙarfin siminti shi ne matsattsen tubali. Ana tankaɗe jan ƙasa, a haɗa ta da ɗan siminti, galibi kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari, a ɗan jiƙa ta, a matse ta da injin hannu wanda asalinsa aka ƙirƙira a Kolombiya a shekarun 1950, sannan a lulluɓe tubalan a inuwa su yi makonni suna ƙarfi. Ba kowace ƙasa ke yi ba. Mai aikin yakan zuba ƙasar a kwalba da ruwa ya girgiza ya ajiye, yashi ya fara kwantawa, laka ta biyo baya a sama, ya ga rabonsu da idonsa, domin idan laka ta yi yawa tubalin zai tsage, idan yashi ya yi yawa zai marmashe. Da irin wannan tubali aka gina rukunin gidaje shida na Niamey 2000 a Yamai, wanda aka kammala a 2016, kuma Mariam Issoufou ta Nijar na cikin waɗanda suka zana shi. Gidajen masu hawa biyu ne, an matsa su kusa da juna suna yi wa juna inuwa, kowanne da tsakar gidansa, kuma masu zanen sun ce daga tsarin tsofaffin birane irin su Kano da Damagaram da Timbuktu suka ɗauko wannan cunkoso mai tsari. A Kamaru akwai hukumar MIPROMALO da aka kafa a 1990 don bunƙasa kayan gini na gida, amma har yanzu samun bulon siminti a kowace unguwa ya fi samun injin matsa tubali da wanda ya iya aiki da shi sauƙi nesa ba kusa ba, musamman da yake ga masana'antar siminti nan a Figil.

A Chadi jan bulo da ake gasawa ya yaɗu, kuma yana da tsohon tarihi, domin da shi aka gina fadar sarakunan Wadai a Wara, birnin da aka bari aka koma Abeshe bayan rijiyoyinsa sun ƙafe. Yana jure ruwa fiye da ɗanyen tubali, sai dai gasa shi na cin itace a ƙasar da hukuma ta hana gawayi tun 2009 saboda ƙarewar daji. Wannan matsala ta itace ta shafi rufin soro ma, domin azara daga giginya take fitowa, giginya kuma tana daɗewa kafin ta girma. Shi ya sa wasu suka koma ga rufin baka irin na Nubiya ta kwarin Nilu, wanda ake ɗaurawa da tubali zalla ba azara ba katako, kuma wata ƙungiya da aka kafa a 2000 ta yaɗa shi daga Burkina Faso zuwa maƙwabtanta. Iyakarsa ita ce faɗin ɗaki bai cika wuce mita 3 da ɗoriya ba.

Dacewa da tarihin wuri ya fi wannan duka wuyar bayani, domin ba a auna shi da ma'aunin zafi. A tsofaffin unguwanni irin su Fulɓere da Hausare a Garwa, ko Kakatare a Marwa, abin da ya mai da unguwa unguwa shi ne tsarin shiga gida: daga titi zuwa zaure, inda mai gida ke karɓar baƙi, yara ke karatun allo, masu sana'a ke ɗinki, daga nan a karkata a bi ta shigifa kafin a kai cikin gida, ta yadda wanda ke tsaye a waje ba ya hango mata. Sabon gida ya maye gurbin zaure da ƙofar mota da falo, sai baƙon da a da yake tsayawa a bakin gida ya zama dole a shigar da shi har tsakiya, ko a bar shi a rana. Dakalin ƙofar gida, inda dattawa ke zama bayan la'asar, shi ma ya tafi, kuma titin da babu mai zama a bakinsa ya fi saurin zama wurin zubar da shara. Mai zanen da ya fahimci wannan zai iya fitar da ɗakin baƙi mai ƙofarsa ta waje da makewayinsa, wanda shi ne zaure a sabuwar siga, ba tare da ya kwaikwayi ko ado ɗaya na da ba.

Tsawo shi ne ɗaya abin. Bene mai hawa uku da aka dasa a tsakiyar gidajen ƙasa, tagoginsa na kallon tsakar gidan maƙwabta, ya kashe amfanin waɗannan tsakar gidaje gaba ɗaya, domin matan gidan ba za su ƙara sakewa a ciki ba, iyali kuma ba za su kwana a waje da bazara ba. Rufinsa mai faɗi yana kuma juye ruwa a lungun da a da ƙasa ke shanye shi, ruwan ya koma gindin katangar maƙwabci. Hawa sama ba laifi ba ne a garin da fili ke tsada, amma ana iya juya tagogin sama su kalli tsakar gidan mai ginin, a ja hawa na biyu baya daga iyaka, a haƙa ramin da zai shanye ruwan rufi a cikin gida. Kusa da fadar lamido ko tsohon masallaci kuwa, kamata ya yi hukumar gari ta ƙayyade tsawon da ba za a wuce ba, domin ginin tarihi irin fadar Rai Buba, da doguwar katangarta ta ƙasa tun farkon ƙarni na 19, kwarjininsa na tare da yadda ya fi abin da ke kewaye da shi. A Dandaji ta jihar Tawa a Nijar an nuna wata hanya a 2018, inda aka gyara tsohon masallacin ƙasa aka mai da shi ɗakin karatu, aka gina sabo a gefensa da matsattsen tubali, maimakon a rushe na farko.

Abin da ya hana wannan salo yaɗuwa galibi ba na fasaha ba ne. Na farko shi ne suna, domin a idon mutane da yawa gidan ƙasa alamar rashi ce, kuma dangin amarya da masu haya da bankin da zai karɓi gida jingina duk bulo suke so su gani. Na biyu shi ne yadda ake tara kuɗin gini: mafi yawanmu kaɗan-kaɗan muke yi, a buga bulo bana, a ɗaga bango baɗi, a yi rufi idan Allah ya hore. Bulon siminti yana jure zama damina biyu ko uku ba rufi, bangon ƙasa kuwa ba ya jurewa, don haka wanda ya zaɓi ƙasa dole ya tanadi kuɗin rufi tun farko, ko ya riƙa gina ɗaki ɗaya ya rufe shi kafin ya fara na gaba. Sai kuma yaɓen shekara-shekara, wanda a da aikin gayya ne na gida da maƙwabta, yau kuma sai an biya lebura. Maginan da suka iya ɗaurin bakan gizo na rufin soro da haɗin makuba suna tsufa, 'ya'yansu sun koma bulo domin a can aiki yake, kuma makarantun koyon sana'a kankare suka fi koyarwa. Ga wanda ya riga ya gina da bulo, abin da ya rage masa shi ne ya buɗe mafitar iska tsakanin kwano da silin, ya shafa wa kwanon farin fenti, ya yi rumfa a bangon yamma, ya fasa wani ɓangare na simintin tsakar gida ya dasa itace.